Amsoshin Tambayoyinku: Wane Ne Konfushiyas, Kuma Me Ya Bar wa Mutanen Gabas?

TAMBAYA: Wata malamar sakandare ce ta rubuto mana daga Zariya. Ta ce: "Ƙanina yana shirin tafiya karatu ƙasar Sin, kuma a takardunsa ina ta cin karo da sunan wani wai shi Konfushiyas. Wane ne shi? Annabinsu ne, ko abin bauta? Na kuma ji ana cewa koyarwarsa ce ta sa 'yan Sin da Koriya da Japan suka fi kowa naci a karatu da bin na gaba. Don Allah a warware mini yadda abin ya shafi zamansu da mulkinsu da jami'o'insu."

AMSA: Malama, madalla da wannan tambaya. Allah ya ba ƙanin naki sa'ar abin da zai je nema. Bari in fara da ɓangaren da na san ya fi tsaya miki a rai.

Konfushiyas bai taɓa da'awar annabta ba. Bai ce an saukar masa da wahayi ba, bai kuma nemi a bauta masa ba. Malami ne, kuma ma'aikacin gwamnati wanda aikin bai karɓe shi ba. An haife shi a shekara ta 551 kafin Miladiyya, wato fiye da shekara 1,100 kafin haihuwar Manzon Allah (SAW), a ƙaramar masarautar Lu da ke cikin lardin da yanzu ake kira Shandong a gabashin Sin. Ya rasu a shekara ta 479, ya ɗan haura shekara 70. Mutanensa Kongzi suke ce masa, wato Malam Kong. Maraya ya tashi, mahaifiyarsa ta rene shi hannu baka hannu ƙwarya. Da ya tasa ya yi tsaron rumbu, ya yi lissafin dabbobin wani babban gida, yana yi yana karatun tsofaffin littattafan tarihi da na ladubban fada.

A zamaninsa ƙasar ta rikice. Sarkin daular Zhou ya zama na jeka-na-yi-ka, hakimai kowa yana cin gashin kansa, suna yaƙar juna. Ɗa ya kashe uba saboda gadon sarauta, bafade ya kori ubangidansa. A Lu kanta, gidaje uku ne suka ƙwace iko suka bar sarki da suna. Abin da ya dami Malam Kong ke nan: ta yaya za a gyara zaman jama'a? A ganinsa bulala da kurkuku suna iya hana mutum laifi muddin ana kallonsa, amma ba sa dasa masa kunya. Kunya daga tarbiyya take zuwa, tarbiyyar talakawa kuwa daga halin masu mulki take gangarowa. Saboda haka wanda ya cancanci muƙami shi ne wanda ya gyara kansa da ilimi, ko ɗan wa ye.

Yana da shekara 50 da 'yan kai aka naɗa shi mai kula da shari'ar laifuka a Lu. Zaman bai yi tsawo ba. A 497 ya tattara almajiransa ya fita, ya yi shekara 13 yana bin fadojin maƙwabta yana neman sarkin da zai ɗauki shawararsa. Wani wuri a karɓe shi da girma amma a hana shi aiki, wani wuri a kore su. Akwai lokacin da guzuri ya ƙare musu tsakanin ƙasashen Chen da Cai, har wasu almajiran suka kasa tashi saboda yunwa. Haka ya komo gida da tsufa, ya zauna yana koyarwa har ajali ya riske shi, burinsa bai cika ba. Littafin da ya fi shahara da sunansa ma, Lunyu, ba shi ya rubuta ba. Almajiransa da almajiran almajiransa ne suka tattara hirarrakinsa bayan ransa.

To, addini ne? A nan sai an yi taka-tsantsan. Yakan ambaci Sama a matsayin mai iko a kan al'amura, yana kuma kiyaye al'adar mutanensa ta girmama magabata da suka mutu, amma in an tambaye shi batun aljanu da abin da ke bayan mutuwa sai ya mayar da zancen kan haƙƙin masu rai. Bayan mutuwarsa an gina masa haikali a garinsa Qufu, daga baya kusan kowane birni ya samu nasa, ana ƙona turare ana miƙa baiko. Wannan abu ne da Musulmi zai sani ya kauce masa. A Indunusiya ma wannan tafarki yana cikin addinai shida da gwamnati ta amince da su. Amma mafi yawan mutanen Sin tarbiyya da hikimar zaman duniya suke ɗaukarsa. Malaman Musulunci na ƙasar, irin su Wang Daiyu a ƙarni na 17 da Liu Zhi na birnin Nanjing da ya biyo bayansa, sun karanci littattafan nan ciki da bai, suka yi amfani da kalmominsu wajen rubuta tauhidi da fiƙihu da sira da Sinanci. Wani malamin Musulmin ƙasar kuma, Ma Jian, wanda ya yi karatu a Azhar, shi ya fassara Lunyu zuwa Larabci aka buga a Alƙahira a 1935, shi ne kuma ya fassara Alƙur'ani zuwa Sinanci.

Sunan da kike gani a takardun, mai yiwuwa na cibiyoyin koyar da Sinanci ne da ƙasar Sin ta baza a jami'o'in duniya. An buɗe ta farko a Seoul a 2004, ta farko a Afirka a Jami'ar Nairobi a 2005, a Nijeriya kuma akwai su a Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka da Jami'ar Legas. Harshe da rubutu da al'adu ake koyarwa. Ƙorafin da ake yi a kansu na siyasa ne: jami'o'i da yawa a Amurka da Suwidin sun rufe nasu bisa zargin cewa gwamnatin Sin tana amfani da su don hana a taɓo batun Taiwan da Tibet.

Game da zaman jama'a, jigon koyarwar shi ne ba a gane mutum shi kaɗai, sai ta hanyar waɗanda yake tare da su. An jera alaƙa biyar: sarki da bafade, uba da ɗa, miji da mata, wa da ƙani, aboki da aboki. Huɗu daga ciki akwai na sama da na ƙasa. Na ƙasa ya yi biyayya, na sama ya yi tausayi da adalci. Biyayya ga iyaye ita ce tushen sauran, har ya kasance a zamanin sarakuna idan mahaifin jami'in gwamnati ya rasu, dole ya ajiye aiki ya koma gida zaman makoki na wata 27. Burbushin wannan yana nan: Singafo ta yi doka a 1995 da ta ba tsoho damar kai 'ya'yansa ƙara in sun ƙi ciyar da shi, Sin kuma a 2013 ta wajabta wa 'ya'ya ziyartar iyayensu tsofaffi. Amma tunda ke mace ce kika yi tambayar, ba zan ɓoye miki ba, mata ne suka fi ɗaukar nauyin wannan tsari. An koya musu bin uba, sannan miji, sannan ɗa; an yabi bazawarar da ta ƙi sake aure; an kuma rufe musu ƙofar muƙami gaba ɗaya. Koriya ta Kudu sai a 2008 ta daina aiki da dokar da ta mai da namiji shugaban gida a rajistar gwamnati.

A siyasa kuwa, ga abin da nake so ki riƙe: koyarwar tana da fuska biyu, kuma masu mulki a kowane zamani ɗaya suke so. Suna son wadda ta ce talaka ya bi. Ɗayar, wadda ta ce sarkin da ya zalunci jama'a ya zubar da haƙƙinsa na sarauta, ba su cika son jin ta ba. Wanda ya fi fito da wannan fuskar fili shi ne Mengzi, wanda ya zo fiye da shekara 100 bayan Malam Kong. Shi ya sa talakawa a gaba, ƙasa a tsakiya, sarki a ƙarshe, ya kuma nuna cewa kawar da azzalumi ba cin amanar sarauta ba ne. Sarki Qin Shi Huang, wanda ya haɗe ƙasar Sin da takobi a 221 kafin Miladiyya, bai yi wata-wata ba. A 213 ya sa aka ƙone irin waɗannan littattafai. Sarki Wu na daular Han ya fi shi dabara. Shi jawo malaman ya yi jikinsa, ya naɗa su a fada, a shekara ta 124 kafin Miladiyya ya buɗe musu babbar makaranta mai suna Taixue da ɗalibai 50. Kafin daular ta faɗi an ce ɗaliban sun kai 30,000. Can gaba kuma, wanda ya kafa daular Ming ya karanta Mengzi ransa ya ɓaci, a 1394 aka fitar da sabon bugu da aka cire wurare 85 da ba su yi wa fada daɗi ba.

Duk da haka fuskar ta biyu ba ta mutu ba. Wajen 1565 akwai wani ƙaramin jami'i mai suna Hai Rui, ɗan tsibirin Hainan. Sarkin lokacin, Jiajing, ya shafe fiye da shekara 20 bai zauna fadanci ba, yana can cikin gida da masu haɗa masa maganin hana mutuwa, ƙasa tana lalacewa. Hai Rui ya rubuta masa doguwar takarda ya zayyana masa laifuffukansa ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya miƙa ta sai da ya sayi akwatin gawarsa, ya yi bankwana da iyalinsa. Sarki ya karanta, ya jefar da takardar don fushi, ya ce a kama shi kada ya gudu. Aka ce masa ai mutumin yana zaune yana jira. An ɗaure shi, aka yanke masa hukuncin kisa, amma sarki bai sa hannu ba har ya riga Hai Rui mutuwa. A idon malaman tafarkin Konfushiyas, abin da Hai Rui ya yi shi ne ƙololuwar biyayya.

Abin da ya fi komai dasa wannan koyarwa a zukatan mutane kuwa ba wa'azi ba ne, jarrabawa ce. Tun wajen shekara ta 605 Miladiyya sarakunan Sin suka fara ɗaukar ma'aikata ta hanyar jarrabawa, abin ya bunƙasa a daular Song, ya ci gaba har 1905. Shekara 1,300 ke nan. Yaro tun yana ɗan shekara 7 ko 8 zai fara haddar littattafan da suka haura harafi 400,000, sannan ya koyi sharhinsu da salon rubutun da masu gyara suke so. In ya tsallake matakin gunduma, sai na lardi, wanda ake yi sau ɗaya a shekara 3. Filin jarrabawar Nanjing kaɗai yana da ɗakuna sama da 20,000 a jere, kowane ɗaki bai fi mutum ya zauna ba, babu ƙofa, sai katako biyu: ɗaya kujera, ɗaya teburi, da dare a haɗa su a ƙudundune a kai. A bakin ƙofa ana caje mutum har cikin abincinsa da ɗinkin rigarsa. Ya shiga da tawada da alƙalami da kyandir da guzurin kwana uku, a rufe ƙofa a buga hatimi. Sau uku ake irin wannan zama. In wani ya mutu a ciki ba a buɗe ƙofa, ta kan katanga ake fitar da gawar. Da an gama sai a liƙe sunan kowa, magatakarda su kwafe amsoshin da jar tawada, don kada mai gyara ya gane rubutun ɗan abokinsa. A cikin mutum 100, ɗaya ko biyu ke ci.

A lokacin da ake rabon muƙami a Turai bisa gado da sayen kujera, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma Turawan da suka gani sun yi mamaki. Koriya ta ɗauki tsarin a 958, Biyetnam a 1075. Har yau a Hanoi akwai allunan dutse 82 da aka ɗora a bayan kunkurun dutse, ɗauke da sunayen waɗanda suka ci. Sai dai kada a zuzuta. Ɗan manomi yana da damar shiga a doka, amma wa zai ciyar da shi shekara 20 yana hadda? Galibi 'ya'yan masu gonaki da 'yan kasuwa ne, ko wanda danginsa suka yi masa karo-karo. Waɗanda suka faɗi kuwa tarin jama'a ne masu ilimi da takaici. Ɗayansu, Hong Xiuquan, sau huɗu yana faɗuwa, daga baya ya jagoranci tawayen Taiping na 1850 zuwa 1864 wanda ya ci rayuka miliyoyi.

Akwai wani abin ban dariya a tarihin. Zhu Xi, babban malamin ƙarni na 12, ya yi ta sukar masu karatu don neman muƙami. Ya farfaɗo da makarantu masu zaman kansu a cikin duwatsu, inda malami da ɗalibi za su zauna su yi muhawara. Fada ta haramta koyarwarsa, ya mutu a 1200 yana cikin fushin hukuma. A 1313 sai ga sharhin nasa ya zama manhajar jarrabawar da yake suka, aka yi ta haddarsa kusan shekara 600.

Da jiragen yaƙin Ingila suka murƙushe Sin a yaƙin 1839 zuwa 1842, Japan kuma ta ƙara mata a 1895, matasa suka fara tambayar amfanin jami'in da ya iya tsara jimla amma bai san injin ba. Aka soke jarrabawar a 1905. A 1919 ɗaliban Jami'ar Beijing suka fito zanga-zanga, masu rubutu irin su Chen Duxiu da Lu Xun suna ɗora wa tsohuwar tarbiyyar laifin ci-bayan ƙasar. Zamanin mulkin Mao abin ya kai maƙura: a Nuwamban 1966 ɗalibai 'yan jar rundunar matasa suka je Qufu suka farfasa alluna, suka tone kaburburan zuriyar Kong. Yau kuwa jam'iyyar da aka yi wannan a ƙarƙashinta ita ke tallata sunansa. Shugaba Xi Jinping ya ziyarci Qufu a 2013. Amma an yi ta ɗar-ɗar: a Janairun 2011 an kafa ƙaton mutum-mutuminsa na tagulla a gefen dandalin Tiananmen, kafin ƙarshen Afrilu aka ɗauke shi cikin dare.

Sai jami'a. Jami'o'in da ke can yanzu, da tsangayoyinsu da digirinsu da ɗakunan gwaje-gwajensu, daga Jamus da Amurka da Tarayyar Sobiyet aka kwaso tsarinsu. Jami'ar Beijing a 1898 aka kafa ta, kuma Cai Yuanpei da ya gyara ta daga 1917 a Jamus ya yi karatu. Wasu dai suna jingina kansu da tsofaffin makarantu: Jami'ar Sungkyunkwan ta Seoul tana ƙidaya shekarunta daga 1398, makarantar Yuelu da aka kafa a 976 kuma tana cikin harabar Jami'ar Hunan. Amma gadon na gaske a ƙofar shiga yake. Jarrabawar shiga jami'a ta Sin, gaokao, kamar JAMB ɗinmu ce, sai dai ita ƙasa ce gaba ɗaya take tsayawa dominta. Da Deng Xiaoping, ɗaya daga cikin jagororin ƙasar, ya dawo da ita a 1977 bayan shekaru ba a yi ba, mutum miliyan 5.7 suka zauna, aka ɗauki kimanin 270,000. A 2024 waɗanda suka yi rajista sun haura miliyan 13. Ranar 7 ga Yuni ake farawa. Ana tsayar da aikin gini kusa da makarantu, iyaye suna tsaye a bakin ƙofa cikin rana. A Koriya ta Kudu, ranar tasu jarrabawar a watan Nuwamba, ana hana jirage tashi da sauka lokacin gwajin sauraren Turanci, 'yan sanda kuma suna ɗaukar ɗalibin da ya makara a babur.

Imanin da ke ƙarƙashin wannan tsoho ne: kowa yana iya koyo in ya dage, cin jarrabawa ɗaukaka ce ga dangi duka, malami yana da girma irin na uba, kuma mai ilimi na gwamnati ne. Shi ya sa iyaye ke zuba abin da suka mallaka a karatun 'ya'ya. Shi ya sa kuma yaran Seoul ke fitowa daga darasin bayan makaranta da ƙarfe 10 na dare, a Sin kuma har gwamnati a 2021 ta haramta kasuwancin irin wannan darasi a manyan fannoni. A 2023 ƙididdigar haihuwa a Koriya ta Kudu ta sauka zuwa 0.72 ga kowace mace, kuma tsadar karatun yara na cikin dalilan da ma'aurata ke kawowa. A aji ma ɗalibi yakan ji nauyin musa wa farfesa, abin da malaman kimiyya na can su kansu suke kuka da shi. A nan ba na ɗora laifin duka a kan Malam Kong. Shi yana karɓar duk wanda ya zo, ko da ɗan busasshen nama ne kuɗin makarantarsa, kuma ba ya son ɗalibin da sai an tauna an ba shi. Jarrabawa ce ta mai da koyarwarsa hadda.

Maganar cewa sun fi kowa bin na gaba, rabinta ce gaskiya. Ɗaliban Taixue sun yi dafifi a ƙofar fada a 1126 suna neman a maido da wani jami'in da aka tsige. Ɗalibai ne suka kori Shugaba Syngman Rhee na Koriya ta Kudu a 1960, su ne kuma suka cika Tiananmen a 1989. Haka batun arziki. A 1915 Bajamushe Max Weber ya yi rubutu yana nuna cewa wannan tarbiyya ce ta hana jari-hujja tsirowa a Sin. Da Japan da Koriya da Taiwan da Singafo suka haɓaka, sai aka juya aka ce ita ce sirrin. Littattafan kuwa ba su canza ba. Koriya ta Arewa da ta Kudu gado ɗaya suka ci, dubi inda kowacce take. Rabon filaye ga manoma, da ilimin firamare ga kowa, da masana'antun da aka tilasta wa gasa a kasuwar duniya, su ne suka yi aikin. Tarbiyyar ta sa dai jama'a sun karɓi makaranta hannu bibbiyu da aka kawo ta.

Lee Kuan Yew, jagoran Singafo, ya sha cewa al'adun Gabas ba su dace da dimokuraɗiyya irin ta Yamma ba. A 1994 wani ɗan adawar Koriya ta Kudu da ya sha ɗauri, Kim Dae-jung, ya mayar masa da martani a rubuce, kuma Mengzi ya kafa hujja da shi. Bayan shekara biyu Taiwan, inda ranar haihuwar Konfushiyas, 28 ga Satumba, ita ce ranar malamai, ta yi zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye karo na farko. A Disamban 1997 kuma 'yan Koriya ta Kudu suka zaɓi Kim.